Muhawara: daga filin ƙwallo zuwa kotun ƙolin jiha, suna ne ya kai Alan Page ko cancanta?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wani bawan Allah da nake so mu ɗan tattauna a kansa, Alan Page, tsohon alƙalin kotun ƙolin jihar Minnesota a Amurka. An haife shi a 1945 a garin Canton na jihar Ohio. Mutumin nan ɗan ƙwallo ne tun asali, irin ƙwallon Amurkawa mai kama da zari-ruga, ya buga wa Minnesota Vikings daga 1967 har 1978 sannan ya ƙarasa a Chicago Bears ya ajiye a 1981. A 1971 shi aka ba gwarzon ɗan wasan shekara, kuma shi ne ɗan baya na farko da ya taɓa samun wannan kyautar. Yana cikin buga ƙwallon yake karatun lauya, ya gama a jami'ar Minnesota a 1978. A 1992 ya tsaya takarar kujerar alƙali a kotun ƙolin jihar ya ci, baƙar fata na farko a kotun, ya zauna shekara 22 sai 2015 da ya cika 70 doka ta ce ya sauka. Tambayata ita ce, da ba ɗan ƙwallo ba ne, zai ga wannan kujerar kuwa? Ni dai ina ganin suna ne ya yi masa aiki.

Ummu Hanifa:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq tsaya tukuna, kotun ƙolin jiha kuma? Ni na ɗauka kotun ƙoli guda ɗaya ce a ƙasa. Kuma takara ka ce? Alƙali da takara?

Barista Nura:
Hajiya ai tsarinsu daban ne da namu. Mu a Najeriya kotun ƙoli ɗaya ce tana Abuja, jiha iyakarta babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ko ta gargajiya, galibin ƙararraki in dai ana ta ɗaukakawa ƙarshensu Abuja. Su kuwa kowace jiha tana da kundin tsarin mulkinta da dokokinta da kotunta ta ƙarshe, in magana ta shafi dokar jiha zalla to abin da kotun ƙolin jihar ta faɗa shi ke nan, ta Washington ba ta sa baki sai in an taɓa dokar tarayya ko tsarin mulkin ƙasa. Ta Minnesota alƙalai bakwai ne, wa'adi shekara shida shida. Kuma ƙwarai, a jihohi da yawa ƙuri'a ake kaɗa wa alƙalai kamar yadda ake kaɗa wa gwamna.

Ummu Hanifa:
Ikon Allah. To Allah Ya kyauta, alƙali yana yawon neman ƙuri'a gobe kuma wanda ya zaɓe shi ya zo gabansa da ƙara.

Ɗan Zariya:
Hhhh a kawo wannan tsarin nan mu ga alƙali yana rabon taliya da atamfa

Barista Nura:
Abban Sadiq ni kuma ban yarda da kai ba, ko in ce ka faɗi rabi ka bar rabi. Ka tsallake shekarun da ke tsakani. Mutumin nan bai tashi daga fili ya faɗa kotun ƙoli ba. Ya yi aiki a wani babban ofishin lauyoyi a Minneapolis tun yana buga ƙwallo, in an tafi hutun kaka sai ya koma ofis, daga 1985 kuma ya shiga ofishin antoni janar na jihar ya yi ta aikin shari'o'in ma'aikata da ƙwadago har lokacin da ya ci zaɓe. Wato kafin ya hau kujerar ya haura shekara goma da zama lauya. Mu nan ma sharaɗin zama alƙalin babbar kotu shekara goma ne da kiran mutum lauya. Sannan abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya samu aka sa sunansa a takardar zaɓen ma, don ba da daɗin rai aka bar shi ba.

Abban Sadiq:
Barista ba mu labari, kai ne a fagenka.

Barista Nura:
To ga yadda abin yake. A rubuce dokar Minnesota ta ce zaɓen alƙalai ake yi, amma a aikace akwai wata dabara da aka daɗe ana yi, alƙali ba ya bari wa'adinsa ya ƙare, sai ya ajiye aiki a tsakiya, kujera ta zama babu kowa, gwamna ya naɗa wanda yake so, shi kuma wanda aka naɗa sai ya zauna fiye da shekara kafin ya fuskanci masu zaɓe, lokacin ya riga ya zama mai riƙe da kujera, kuma da wuya ka ga an kayar da mai riƙe da kujera. Da haka zaɓen ya zama na jeka-na-yi-ka. A 1990 Page ya nemi ya tsaya, alƙalin da zai kara da shi ya ajiye aiki, gwamna Rudy Perpich ya cike gurbin da naɗi, zaɓen kujerar ya bi ruwa. A 1992 ya sake fitowa, wannan karon kujerar mai shari'a Lawrence Yetka ce wa'adinta zai ƙare, sai gwamna Arne Carlson ya tsawaita wa Yetka wa'adi da hujjar maganar fansho, ma'ana dai ba zaɓe kuma. Page ya maka gwamna a kotu. Wace kotu? Ita kotun ƙolin da yake neman shiga. Alƙalan suka janye tunda maganar abokin aikinsu ce, aka kawo wasu alƙalai suka zauna a madadinsu, suka ce tsawaitawar ba ta kan ƙa'ida, a yi zaɓe. Aka yi ya ci da wajen kashi 62 cikin ɗari. Yanzu ka gaya min, wanda suna kawai yake tinƙaho da shi zai iya wannan? Da naɗi ake jira, gwamnoni biyu daga jam'iyyu biyu sun samu dama ba wanda ya naɗa shi.

Abban Sadiq:
Na ji wannan kuma ya yi ƙoƙari. Amma Barista ka lura, shari'ar ta buɗe masa ƙofa ne kawai, ƙuri'ar fa? Kashi 62 ɗin nan mutum nawa ne a cikinsu suka taɓa karanta takarda ɗaya da ya rubuta a matsayin lauya? Sun san shi ne a talabijin yana kayar da ƙarti. Wanda ya kara da shi ma lauyan gwamnati ne mai gabatar da ƙara, kuma abin da ya yi ta faɗa a kamfe ke nan, cewa farin jinin ƙwallo ake so a sayar wa jama'a.

Malam Habu Minneapolis:
Salam. Ku yi haƙuri na shigo a makare, bambancin lokaci. Ni a jihar nake zaune kuma ina zaɓe a nan, bari in gaya muku yadda takardar take. Gaba akwai shugaban ƙasa ko gwamna da su sanata, in ka juya bayanta sai ka ga jerin alƙalai reras, ba alamar jam'iyya ko ɗaya, mafi yawansu ma ba su da abokin hamayya suna ɗaya ne tal da gurbin da za ka rubuta wani in ka ga dama, kuma a gefen sunan wanda ke kan kujera an rubuta cewa shi ne mai riƙe da ita. Wallahi mutane da yawa ko juya takardar ba sa yi, masu juyawa kuma suna bin wannan alamar ne ko sunan da ya yi musu daɗi a kunne. Don haka maganar Abban Sadiq akwai ƙamshin gaskiya, a irin wannan zaɓen wanda aka san sunansa ya gama da kowa. Sai dai ni abin da zan ƙara, an sake zaɓensa a 1998 da 2004 da 2010, yaran da suka yi zaɓe a 2010 ba a ma haife su ba lokacin da ya bar ƙwallo.

Ɗan Zariya:
Malam Habu kun taɓa haɗuwa da shi ne?

Malam Habu Minneapolis:
Haɗuwa ta gaisawa a'a, amma gani kam na gan shi. Duk shekara in ana gudun fanfalaki na Minneapolis da St. Paul a watan Oktoba yakan fito bakin titi kusa da unguwarsu da wani ƙaton abin busa na ƙarfe wanda ake saƙalawa a jiki bakinsa ya fi faranti faɗi, ya tsaya yana busa wa masu gudu, dogo ne siriri da furfura, in ba a gaya maka ba ba za ka ce wannan ya taɓa zama alƙalin kotun ƙoli ba balle ɗan ƙwallon da ake tsoro. Kuma in ka kalli hannunsa na hagu ɗan ƙaramin yatsan ya karkace waje gaba ɗaya kamar zai rabu da sauran, targaɗen da ya yi ta samu a wasa ne ya bar shi haka. Yara in ya je makarantu abin da suka fara tambaya ke nan.

Coach Bala:
Tunda an zo fagena bari in sa baki. Gudun nan da Malam Habu ya ambata shi ne ma ya raba shi da Vikings. A ƙarshen shekarun 1970 ya kama gudun dogon zango shi da matarsa, ya rame ya sauko wajen kilo 100, alhali a gurbin da yake bugawa ana son mutum mai nauyi. Kocinsu Bud Grant ya ga ba zai iya ba kuma, aka sallame shi a tsakiyar kakar 1978, Chicago suka ɗauke shi a kan dala 100 kacal kuɗin cike takarda. Mutumin da ya kai su wasan ƙarshe na Super Bowl har sau huɗu, duk da dai ba su ci ko ɗaya ba. Ya je Chicago ya ƙara buga shekara uku da wani abu, kuma a duk rayuwarsa ta ƙwallo bai taɓa fashin wasa ba, 218 a jere. Ni abin da nake nuna wa yarana a nan shi ne kulob ba gidan ubanka ba ne, ranar da aka gama da kai an gama, shi ya yi sa'a takardar lauya na hannunsa a shekarar da aka sallame shi.

Ummu Hanifa:
Coach ba sa'a ba ce, shiri ne. Sa'a ita ce ka tsinci abu a hanya.

Coach Bala:
Haka ne Hajiya. Kuma karatun ma bai zo masa da sauƙi ba, ya fara shiga makarantar lauya ta dare tun farkon zuwansa Minnesota ya gudu bayan 'yan makonni, sai daga baya ya koma, jarrabawar zama lauya ma sai a zama na biyu ya haye. Mu ma nan muna da irinsa ai, Adokiye Amiesimaka da ya ci kofin Afirka da Green Eagles a 1980, lauya ne, daga baya har ya riƙe kwamishinan shari'a na jihar Ribas.

Abban Sadiq:
Duk na yarda mutumin kirki ne mai ƙoƙari, amma kuna ta ba ni labarin gudu da yatsa. A kan kujerar me ya yi? Shekara 22 ba wasa ba ce, a nuna min aiki.

Barista Nura:
Yawwa, yanzu ka yi tambayar da ta dace. Aikin alƙalin kotun ƙoli ba irin wanda ake gani a fim ba ne, ba shaidu ba kuka, karatu ne da rubutu, su bakwai su saurari lauyoyi su koma su yi ta gardama a ɗaki sannan ɗaya ya rubuta hukunci, wanda bai yarda ba ya rubuta nasa ra'ayin na saɓani. Page an san shi da yawan rubuta irin wannan saɓanin, musamman inda yake ganin ba a yi wa wanda ake tuhuma adalci ba ko akwai wariyar launi wajen zaɓen masu taya alƙali yanke hukunci. Misali biyu zan ba ka da kowa zai iya dubawa. Na farko zaɓen sanata na 2008 tsakanin Norm Coleman da Al Franken, ƙuri'a kusan miliyan uku aka kaɗa amma tazarar 'yan ɗaruruwa ce, aka yi ta ƙirga ana sake ƙirgawa wata da watanni. Alƙalin alƙalan jihar da wani alƙali ɗaya sun zauna a kwamitin tantance ƙuri'un don haka dole suka janye, sai ragamar ta faɗo hannun Page a matsayin wanda ya fi daɗewa, shi ya zaɓi alƙalai ukun da suka saurari ƙarar, shi ya jagoranci zaman da aka ɗaukaka ta, ranar 30 ga Yuni 2009 su biyar suka yanke baki ɗaya cewa Franken ya ci da ƙuri'a 312, Coleman ya amsa ya taya shi murna a ranar. Na biyu 2012, majalisar jihar ta so a gyara tsarin mulki a wajabta nuna katin shaida mai hoto kafin zaɓe, aka kai ƙara cewa tambayar da za a rubuta wa masu zaɓe ba ta nuna ainihin abin da ke cikin gyaran ba. Mafi rinjaye suka ce a bar ta haka, Page ya rubuta saɓani mai zafi yana cewa yaudarar masu zaɓe ce. Ya sha kaye a kotu, amma da aka je akwati a watan Nuwamba jama'a suka yi watsi da gyaran.

Ɗan Zariya:
Ƙuri'a 312 kuma wanda ya faɗi ya taya murna a ranar? Barista ka tabbata ba tatsuniya kake ba mu ba hhh

Lauya Zainab:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma Barista Nura yayana a aiki, ina jin tsoron kada labarin mutum ɗaya ya sa mu wanke tsarin gaba ɗaya. Page ya shiga ta zaɓe ya yi kyau, to sauran fa? A West Virginia wani shugaban kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe wajen dala miliyan 3 don a zaɓi wani alƙali a 2004 alhali kamfaninsa na da shari'ar dala miliyan 50 da ke kan hanyar zuwa wannan kotun, alƙalin ya ci, ya ƙi janyewa, ya kaɗa ƙuri'a a ɓangaren kamfanin, sai da kotun ƙolin Amurka ta ce a 2009 hakan bai halatta ba. A California a 1986 masu zaɓe sun tsige alƙaliyar alƙalan jihar, Rose Bird, da abokan aikinta biyu galibi saboda hukuncin kisa da take ta sokewa. A Iowa a 2010 an kori alƙalai uku saboda hukunci guda. Alƙalin da ya san hukuncinsa na yau zai iya cin kujerarsa gobe, anya zuciyarsa za ta tsaya? Ni a ganina shi Page sunan da Abban Sadiq ke rainawa shi ne ma ya kare shi, ba ya buƙatar kuɗin kowa don a san shi, gwamna ba ya bin sa bashin godiya, shi ya sa yake iya rubuta saɓani ya kwana lafiya. Lauyan da ba shi da wannan sunan dole ya nemi mai ɗaukar nauyinsa.

Barista Nura:
Ƙanwata ban ce a kwafo zaɓen alƙalai ba, Allah Ya kiyaye. Amma naɗin ma ai kin san yadda yake, mu da hukumar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, ke tantancewa ta miƙa wa gwamna ko shugaban ƙasa, kullum ana cikin ƙorafin 'ya'yan wane da matan wane ne ke cika jerin sunayen. Kowane tsari da inda yake yoyo. Abin da nake cewa kawai, a Minnesota ta 1992 hanyar naɗi ba ta taɓa kawo baƙar fata ko ɗaya wannan kotun ba tun kafa jihar a 1858, sai da wani ya fasa ta ƙarfin doka.

Abban Sadiq:
To ai Lauya Zainab ta faɗi abin da nake nufi da kyau fiye da ni. Suna ne jarinsa. Bambancinmu da ku kawai ni ina ganin hakan abin damuwa ne, don baƙar fata lauyoyi masu ƙwazo da ba su taɓa buga ƙwallo ba suna nan a lokacin, wa ya san su?

Ummu Hanifa:
Ni duk wannan bai dame ni kamar abin da ya yi da sunan ba. Na ga an ce shi da matarsa suna da gidauniyar karatu, Malam Habu gaskiya ne?

Malam Habu Minneapolis:
Gaskiya ne Hajiya. Shi da marigayiya matarsa Diane suka kafa ta a 1988, shekarar da aka shigar da shi gidan tarihin gwarazan ƙwallon, wanda kuma a garinsu Canton yake, har yana saurayi ya yi leburanci a wurin ginin. Gidauniyar tana ba ɗalibai 'yan tsiraru na Minnesota tallafin shiga jami'a ko kwaleji, amma da sharaɗi, duk wanda ya karɓa sai ya koma ya riƙa koya wa ƙananan yara karatu na wasu sa'o'i a shekara, ba a ba ka ka tafi haka nan. Dubban yara sun amfana, cikinsu har da 'ya'yan baƙin haure 'yan Afirka, Somaliyawa da Habashawa sun fi yawa a nan. A 2017 wata makarantar sakandare a Minneapolis ta cire sunan Alexander Ramsey, tsohon gwamnan da ake zargi da hannu a abin da aka yi wa ƙabilar Dakota a 1862, ta sa sunan Page, kuma ɗaliban ne da kansu suka taso da maganar. A 2018 Trump ya ba shi lambar girmamawa mafi girma ta farar hula, wasu suka ce kada ya karɓa tunda ya sha sukar Trump ɗin, ya je ya karɓa, lokacin matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba.

Lauya Zainab:
Bayan ritayar ma bai zauna ba, a 2020 shi da Neel Kashkari na babban bankin tarayya reshen Minneapolis sun nemi a gyara tsarin mulkin jihar a rubuta cewa ilimi mai inganci haƙƙin kowane yaro ne. Ƙungiyar malamai ta jihar ta yi adawa, wasu na tsoron gyaran zai buɗe ƙofar karkatar da kuɗin makarantun gwamnati, maganar ba ta wuce majalisa ba. Ka ga a nan sunan bai yi aiki ba Abban Sadiq.

Abban Sadiq:
Saboda a majalisa ne, ba a akwati ba. Da an kai wa jama'a ai da wata maganar ake. To wai da ya sauka a 2015 wa ya gaje shi, an yi zaɓen?

Barista Nura:
Ba a yi ba. Ya cika 70 a watan Agusta, wa'adinsa bai ƙare ba, don haka gurbi ne na naɗi. Gwamna Mark Dayton ya naɗa Natalie Hudson daga kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, ita ma baƙar fata ce, ta tsaya zaɓe a 2016 tana mai riƙe da kujera ta ci, a 2023 kuma gwamna Tim Walz ya ɗaga ta zuwa alƙaliyar alƙalan jihar.

Abban Sadiq:
Wato an koma gidan jiya, gwamna ya naɗa jama'a su sa hannu.

Lauya Zainab:
An koma, sai dai ita Hudson ba ta taɓa buga ƙwallo ba, shekara 13 ta yi a kotun ɗaukaka ƙara kafin nan. Kai da kake tambayar ina lauyoyin da ba a san su ba, ga ɗaya nan.